Rantsuwar Arzika da Wuƙar Roba ta Faraku

Tun ranar da na sauka a tashar Jega da hannun dama a rataye a wuya, ban samu sakat ba. Mai shayi ya tambaya, masu ɗinkin buhu a kasuwar albasa ta Aliero sun tambaya, har limamin unguwarmu ta Sabon Gari sai da ya tsare ni bayan la'asar. Da na yi shiru sai kowa ya shiga ƙera nasa labarin. Wasu sun ce 'yan fashi ne, wasu sun ce faɗowa na yi daga kan mota, wani marar kunya kuma yana yaɗa wai ɗalibina Arzika ne ya ɓalla ni. Wannan na ƙarshen shi ya sa nake zaune ina latsa waya da babban yatsan hagu. Zan faɗa sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Wanda bai san ni ba, sunana Umaru, dillancin albasa nake yi. Shekarun da nake bin manyan motoci zuwa Ikko, a can na haɗu da wani tsoho da ya yi aikin jirgin ruwa, shi ya koya mini aikido. Dabarar kare kai ce ta Japanawa. Ba naushi, ba shuri. Mutum ya kawo maka hari, ka kauce, ka bi ƙarfinsa, ka karkatar da shi har ya kai ƙasa. Bibbiyu ake koyo: ɗaya ya kawo harin da gaske, ya bar jikinsa a yi dabarar a kansa, ya faɗi yadda ba zai ji ciwo ba, sannan a juya. Babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Tsohon nan ya sha gaya mini cewa ranar da na fara son in ga bayan abokin atisaye a ƙasa don mutane su gani, to na bar aikido na koma wani abu.

Da na dawo gida sai na samu wani tsohon shagon ajiya, muka cika buhuna da ƙaiƙayi muka rufe da tamfol, na fara koyarwa. Shekara tara ke nan. Amma kun san garinmu. Ƙasar da ake kokawa bayan kaka, a yi dambe a ga jini, ka zo ka ce kana koyar da faɗan da ba a cin kowa? Rawar Malam Umaru suke ce mata. Mahauta in na wuce sai ɗaya ya kama hannun ɗaya, ya yi juyi ya zube, a kwashe da dariya. Ina yin kamar ban damu ba, alhali abin yana cina ƙwarai.

A cikin ɗalibaina babu kamar Arzika. Mutumin Maiyama ne, ɗan dako a kasuwar albasa, buhu biyu yake ɗauka in an matsu. Da can ɗan kokawa ne wanda ake jin sunansa har ƙauyukan Aliero. Shekara shida da suka wuce ya ɗaga wani abokin karawarsa mai suna Nomau ya sauke shi a kan wuya. Nomau bai mutu ba, amma har yau ɗaukarsa ake yi a fitar da shi inuwa. A makon ne mahaifiyar Arzika, Inna Tumba, ta sa aka kawo Alƙur'ani ya dafa, ya rantse ba zai sake shiga fage ya kama wani mahaluki don a ga wanda ya fi ba. Lokacin da ya so ya fara zuwa shagona ma sai da na je Maiyama da ƙafata na yi mata bayani, ta yarda a kan maganata.

To, bara wani ɗalibina ya sa hoton atisayenmu mai motsi a waya, ya yi ta yawo har ya kai ga wani mai koyar da aikido a Faraku ta ƙasar Benin, ana ce masa Biyo. Ya turo saƙon murya da Hausarsa ta kasuwa: suna da taro na kwana biyu, wani babban malami zai zo daga Kwatano ya duba mutane ya ba da baƙar ɗamara ta shaidar ƙwarewa da takarda, mu zo. Ni da ban da ko guntuwar takarda da zan nuna, ai ban yi wata-wata ba. A hoton gayyatar akwai mutum biyu, ɗaya riƙe da wuƙar roba. Na gani da idona. Na ce ai ƙwace wuƙa ne, mu ma muna yi da ta itace.

Mun tashi daga Jega da hantsi ranar Alhamis, muka tsaya Maiyama neman albarka. Inna Tumba tana zaune tana gyaran zogale. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗago ba.

“Can inda za ku tahi, ana kaye?”

Na yi dariya, na ce Inna, duk duniya ba a gasa a aikido, haka abin yake tun daga inda aka ƙirƙiro shi. Da bakin nan nawa na faɗa, Arzika yana tsugune a gefe.

“To ga ya nan. Yadda kat tahi da shi, haka nika son ka maido man shi.”

Daga Maiyama muka nufi Koko, muka karya yamma ta Besse har Bagudo. Kafin mu haye gadar kogin Kwara direbanmu ya tsaya ya loda kwandunan busasshen kifi, ya danna su a kan jakarmu. Na yi magana, ya ce in ba na so in sauka in jira jirgin sama. Fararen kayan atisayen da matata ta wanke ta goge, har muka dawo warin kifi suke yi. Bayan Ka'oje hanya ta lalace, mu huɗu a kujerar baya, kafaɗar Arzika kaɗai ta ci wurin mutum biyu. Wata tsohuwa Bafulatana da ke kusa da shi ta yi ta mita har Tsamiya.

A kan iyaka aka fara ɗaga mini hankali. Takardunmu da katin allura duk lafiya lau, amma da muka tsallaka wani jandarma, irin 'yan sandansu na can, ya ga doguwar jakata ya ce a buɗe. Ga takobin itace, ga sanda, ga wuƙar itace da wani kafinta ya sassaƙa mini a Jega. Ya dubi kayan, ya dubi Arzika sama da ƙasa, ya ce mu koma gefe. Direban da zai kai mu Sagbana ya fara cewa shi ba zai jira ba. Na yi bayani da Hausa, na haɗa da hannu, mutumin bai gamsu ba. Ƙarshe na ce bari ya gani. Na miƙa wa Arzika wuƙar, ya kawo suka, na kauce na murɗe wuyan hannunsa, ya yi alkafura ya sauka a ƙasa tim. Jandarman ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya juya ga abokin aikinsa, da Hausa don in ji, ya ce wannan ƙaton ai shi ya faɗi da kansa. Ya mayar mana da kayanmu ya ce mu sauka lafiya. Na shiga mota raina a ɓace har Kandi.

A Kandi muka kwana a wani ɗaki kusa da tasha, da safe muka kama hanyar kudu. Abin da na lura da shi a ƙasar nan, mata ke da babur. Mace da goyo, da kwando a gaba, ta wuce ka fuu ko kallo ba ka ishe ta ba. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawon yana yanka dasashi. Da rana ta take kuma sai a rufe shaguna a tafi hutu, ko da mai saye a tsaye. Na ce wa Arzika a yi haka a kasuwar Jega ranar Juma'a mana a gani. Manyan motocin auduga suka riƙe mu a baya, sai bayan azahar muka shiga Faraku.

Masaukinmu a unguwar Zango ne, gidan wani dattijo da muke hulɗar albasa da shi. Ya ce kakansa daga Jega ya zo, amma Hausarsa ta sha ruwan wasu harsuna, sai na kasa kunne sosai. Aka kawo sakwara da miyar gyaɗa, da wani cukwi da suke soyawa suna ce masa wagashi. Ni tuwon dawa na saba da shi, sakwarar nan ta zauna mini a ciki, amma Arzika malmala uku ya tashi da ita, matan gida suna leƙe suna dariya.

Ranar Asabar da safe muka je wurin taron. Wallahi da na ga ɗakin sai da na ji kunyar tamfol ɗina. Shimfiɗa ta gaske koriya shar daga bango zuwa bango, mutane sun kai yawan sahu uku na masallacin unguwa, maza da mata a haɗe. Biyo ya tarbe mu da fara'a. Gajere ne kakkaura mai furfura a gemu, ya gane Arzika ba zai kama hannun mace ba, ya haɗa shi da maza ba tare da ya sa mun roƙa ba. Atisayen safen nan kusan irin namu ne. Bibbiyu, wannan ya kawo, wancan ya yi dabara, a faɗi a tashi. Motsinsu ya fi namu gajarta, ba sa yin faɗin juyi irin namu, kuma suna ƙirga taku da baki. Ban da haka ban ga wani abin tsoro ba. Tsohon malamin nan na Kwatano ya tsaya a kanmu ya gyaɗa kai, na ji kamar an ba ni kujerar Makka.

Bayan hutun rana ne na ga an kawo tebur da agogo da tutoci ƙanana, ja da fari. Aka manna wata babbar takarda a bango, sunaye bibbiyu da layuka suna haɗuwa har zuwa sama. Duk wanda ya taɓa zuwa kallon ƙwallo ya san wannan zanen. A layi na huɗu na ga sunan Arzika, a gefensa an rubuta Kosi.

Na ja Biyo waje. Na ce mene ne wannan, ya ce gasa ce ta gobe, yau gwaji za a yi. Na ce gasa a aikido? Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ana sa gishiri a miya. Ya ce aikido gida biyu ne. Akwai irin namu, wanda ya bi tsohon Bajapanen da ya kafa abin, ba a karawa. Akwai nasu, wanda wani almajirin tsohon ya fitar, shi yana ganin dabarar da ba a taɓa gwada ta a kan mai turjiya ba, ba a san ko tana aiki ba. Saboda haka suka cire dabarun da ke da haɗari, suka sa doka da alƙalai. Ɗaya ya riƙe wuƙar roba yana neman ya soki ƙirji, ɗaya hannu wofi yana kaucewa yana neman ya kayar, bayan minti ɗaya da rabi a musanya, a ƙirga maki. Na ce to ai da zarar mutum yana neman maki zuciyarsa ta sauya, ya daina kula da lafiyar ɗan'uwansa, ya koma neman sa'a. Ya ce ku kuma da zarar ɗan'uwanka ya saba faɗuwa don ya faranta maka, kai da shi kuna yaudarar juna. Sannan ya gaya mini abin da ya fi damuna: tsohon Kwatano ba ya ba malami ɗamara sai ya ga shi ko ɗalibinsa a fage. Shi Biyo ya ga jikin Arzika ne ya rubuta sunansa, yana ganin karramawa ya yi mana.

Na koma na zauna na kalli gwajin. Ba ƙarya, yaran sun iya. Ba kyan gani kamar namu, ture-ture ne da fizge-fizge, sau da yawa a gama ba wanda ya faɗi. Amma wuƙar nan tana fita kamar saran maciji ta koma. Kosi, dogon saurayi ne daga Kwatano, ya fi kowa sauri. Ina kallonsa ina auna shi da Arzika, zuciyata tana ce mini in Arzika ya dafa yaron nan sau ɗaya an gama. Na hango kaina ina sauka a tashar Jega da ɗamara da lambar yabo, na hango fuskar mahautan nan. Wa zai tsaya tambayar wane gidan aikido ne ya ba da takardar? Wannan shi ne gaskiyar abin da ke raina, ba zan ɓoye ba.

Bayan la'asar, a gindin mangwaron masauki, na zaunar da Arzika. Na fara da cewa wannan ba kokawa ba ce, wasa ne da roba. Na ce akwai alƙalai uku, ga shimfiɗa mai laushi, ba wanda zai ji ciwo. Na ce Maiyama tana ina, Faraku tana ina, wa zai kai labari? Nan ya ɗago ya dube ni. Da na ga duk ba ta ɓulle ba sai na faɗi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Na ce ai rantsuwa tana da kaffara, malamai sun faɗa, ciyar da miskinai goma ne, ni zan ɗauki nauyin wannan ko sisinsa ba zai taɓa ba.

“Malam, kaffara na tada Nomau shi yi tahiya?”

Ya ce a gabansa na gaya wa Inna babu gasa, in kuma na manta shi bai manta ba. Ya ce zai ɗauki jakata, zai wanke kayana, zai faɗi sau ɗari in ina son nuna dabara, amma ba zai shiga layin nan ba. Haushi ya kama ni, na ce masa ashe shekara huɗu ina koyar da matsoraci. Ya tashi ya ɗauki buta ya bar ni a wurin.

Da safe na je na ce wa Biyo a goge sunan Arzika a sa nawa. Ya tambayi shekaruna, na ce arba'in da bakwai. Ya tambaya ko na taɓa yi da mai turjiya, na ce shekarata goma sha biyar a aikido. Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Na ce ya rubuta kawai.

Aka kira mu, muka hau shimfiɗa. Kosi ne ya fara riƙe wuƙa. Ni na saba a kawo suka ɗaya doguwa, mutum ya biyo ta da jikinsa duka, in samu abin kamawa. Wannan yaro ba ya ba da komai. Ya yi kamar zai kawo, in kauce, sai ta same ni a inda na kauce zuwa. Tuta ta tashi, alamar ya ci maki. Na kai hannu in kama, hannun ya riga ya koma. Tuta ta sake tashi. Sau ɗaya na samu wuyan hannunsa, na juya yadda na yi wa mutane sau dubu, sai na ji kamar na kama reshen kirya. Ya tsaya ƙyam yana kallona. Can ya ɗan tura gwiwar hannuna, ba wani ƙarfi ba, jikina da ya saba bin dabara ya tafi da kansa, na yi alkafura mai kyau na sauka. Ba wanda ya kayar da ni. Ɗakin ya ɗauki dariya, har alƙali ɗaya ya rufe baki.

Aka musanya, aka ba ni wuƙa. Idona ya rufe, kunnuwana suna ƙara. Na tattara ƙarfina na kai suka ɗaya, irin wadda nake koya wa ɗalibai, na miƙe hannu har ƙarshe. Kuma na bar shi a miƙe. Haka muke yi, kana barin hannun ne don ɗan'uwanka ya samu ya yi dabararsa. Shekara goma sha biyar hannuna bai san a janye shi ba. Kosi ya cafke shi ya danna a hammatarsa ya juya da dukkan nauyinsa, da ƙarfin da ake sa wa wanda zai fizge. Ni kuwa ban fizge ba, na sake masa. Na ji ƙas a gwiwar hannu, wani farin abu ya gilma mini a ido, na tsinci kaina a durƙushe ina salati.

Ban ga tasowar Arzika ba. Ihun mata na ji, na ɗaga kai. Ya riga ya hau shimfiɗar, ya sunkuya irin sunkuyon 'yan kokawa, kafin alƙali ya ɗaga hannu ya zura hannuwa ya rungumo Kosi ta ƙugu ya ɗaga shi sama. Ƙafafun yaron suna lilo, kansa ya karkata ƙasa. Na san wannan kamun. Duk mutumin Maiyama ya san shi, da shi aka sauke Nomau. Biyo ya taho, na daka masa tsawa ya tsaya, don na san in aka taɓa Arzika a lokacin an gama. Jijiyoyin wuyansa sun tashi, idonsa ja, ba ya ganin kowa.

Ni da na kira shi matsoraci jiya, ni ne na ja gwiwa na matso ina riƙe da karyayyen hannu.

“Arzika. Dube ni. Laifina ne, ba nasa ba. Don girman Allah ajiye shi.”

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Na dai ga numfashinsa yana sauka, ya juyo da yaron a hankali, ya dire shi a kan ƙafafunsa, ya riƙe shi har ya tabbata ya tsaya. Sannan ya sauka daga shimfiɗar ya fita waje. Kosi ya zauna a wurin yana kuka, yana ta maimaita wata kalma da Faransanci, aka ce mini haƙuri yake ba ni.

Biyo ne ya kai ni aka ɗaure hannun. A hanya ya ce yaron bai yi da mugunta ba, a wurinsu ba wanda ke barin hannu haka, shi ma da ya san zan bari da bai rubuta sunana ba. Na ce na sani. Ya ce faɗuwata dai tsohon Kwatano ya yaba, ya ce a ɗakin babu wanda ya iya faɗuwa kamata. Ban san ko yabo ba ne ko ta'aziyya. Ɗamara kam ba a ba ni ba, ban kuma tambaya ba.

Dawowa kwana biyu muka yi, kowane rami a hanya sai na ji shi har ƙwaƙwalwa. Arzika ya riƙe jaka, ya nema mini kujerar gaba, ya yayyanka mini burodi, amma maganarmu ba ta wuce sannu da yauwa ba. Da muka wuce Koko na ce mu zarce Jega, in na warke ma zo mu gaida Inna. Ya ce shi a Maiyama zai sauka. Ba yadda na iya, na sauka tare da shi.

Mun same ta da la'asar sakaliya. Ta ga hannuna ba ta tambaya ba, ta sa aka shimfiɗa mana tabarma. Arzika ya tsuguna ya faɗa mata komai da bakinsa: gasa ce muka tarar, an sa sunansa ya ƙi, an ji wa Malam ciwo, zuciya ta ɗebe shi ya ɗaga mutum, ya kuma ajiye shi. Ya ce bai sani ba ko rantsuwarsa ta karye. Abu ɗaya ya tsallake, zancen gindin mangwaro. Ta tambaye shi ko bayan yaron ya taɓa ƙasa, ya ce a'a. Ta tambaya ko don a ce ya fi shi ya kama shi, ya ce a'a. Ta ce to ta ji, gobe ya je ya gaida Nomau. Sai ta juyo gare ni.

“Shi na ji nashi. Kai kau, Malam, da kag gane gasa ta, mi kac ce mai?”

Arzika ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da tsinke. Da na ce ban ce komai ba, na san har abada ba zai tona ni ba. Na buɗe baki in faɗi hakan, na kasa. Na ce mata na roƙe shi ya shiga. Na ce na gaya masa ba wanda zai kawo labari Maiyama, na yi masa alkawarin kaffara, da ya ƙi na kira shi matsoraci.

Ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba.

“Rantsuwar da munka riƙe shekara shidda, ashe kai har ka san abin da za a biya a warware ta.”

Ta sa aka kawo mini fura, ta yi mini addu'ar samun sauƙi, ta ce in gaida iyali. Da na tashi tafiya ta ce Arzika zai koma dakonsa a Aliero, wannan neman abincinsa ne, amma ɗakin atisayen nan nawa ya gama shigarsa. Na duba ko zai ce wani abu. Ya ɗauki jakata ya raka ni bakin titi ya tsayar mini da mota.

To ga shi kun ji. Mai cewa Arzika ne ya karya ni ya ji tsoron Allah ya daina. Shago yana nan, muna atisaye Talata da Asabar, ina koyarwa da baki tunda hannu bai warke ba. Shekaranjiya a kasuwar Aliero na tsaya ina fama da wani buhu da hannu ɗaya, sai na ji an ɗauke shi ta bayana. Ya ɗora a mota, ya ɗan rusuna kamar yadda ya saba, ya ce Allah shi ƙara sauƙi, Malam. Na so in ce masa ya dawo. Ban ga da wane baki zan faɗa ba, shi ma bai tsaya jira ba, ya koma cikin 'yan dako.